Yadda mata 24 masu tuƙa kwale-kwale suka sauya shawarar likitoci

 Yau a fagen tarihi za mu leƙa wani wasa da ya taso daga ƙasar Sin, wato tseren kwale-kwale mai kan dodo, mu ga yadda wata ƴar ƙaramar ƙungiyar mata a Kanada ta yi amfani da shi ta warware wata tsohuwar fahimta game da kansar nono.

Bari mu fara da jirgin kansa. Dogo ne siriri, tsawonsa ya kai mita 12. A goshinsa an sassaƙa kan dodon nan na al'adar Sinawa, a bayansa kuma wutsiya. Mutum 20 ne ke zama bibbiyu, kowa riƙe da filafili. A gaba akwai makaɗi da ganga yana fuskantar su, a baya kuma akwai mai riƙe da akalar jirgin yana tsaye. Mutum 22 ke nan. Yawanci ana tseren mita 200, ko 500, ko 2000. Ƙarfin mutum ɗaya bai cika amfani a wannan jirgi ba. In filafilai 20 ba su shiga ruwa lokaci guda ba, sai jirgi ya riƙa tangal-tangal, wasu su wuce a bar ku a baya. Aikin ganga ke nan, ta haɗa hannuwa wuri guda.

Sinawa suna danganta wasan da wani mawaƙi kuma bafade mai suna Qu Yuan, na masarautar Chu. Ya shawarci sarkinsa da ya yi hattara da masarautar Qin, amma magulmatan fada suka shiga tsakani har aka kore shi. A shekara ta 278 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), dakarun Qin suka ci babban birnin Chu. Baƙin ciki ya sa Qu Yuan ya faɗa kogin Miluo, a yankin da ake kira Hunan a yau. Labarin da Sinawa suka gada ya ce mutanen gari sun fito da jiragensu a guje don su ceto shi, suna kaɗa ganga, suna jefa shinkafa cikin ruwa don kada kifaye su ci gawarsa. Shi ya sa har gobe, a rana ta 5 ga wata na 5 na kalandar Sinawa, ake bikin Duanwu, ana tsere, ana cin shinkafa da aka ƙulla cikin ganye. Masana tarihi da dama suna ganin tseren ya girmi Qu Yuan, domin manoman shinkafa na kudancin Sin sun daɗe suna yin sa lokacin shuka suna roƙon ruwa. A 2009 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Shekaru aru-aru wasan na masunta da ƴan ƙauye ne. Ya zama wasan duniya ne daga 1976, lokacin da Hong Kong ta shirya gasar ƙasa da ƙasa don jawo ƴan yawon buɗe ido, ta gayyato wata tawaga daga Nagasaki ta Japan ta kara da masuntan gida. A 1986, lokacin babban baje kolin duniya a birnin Vankuva na Kanada, Hong Kong ta aika da jiragen katako can, mutanen birnin kuwa suka rungumi wasan. A 1991 aka kafa hukumar duniya mai kula da shi, a 1995 aka yi gasar duniya ta farko a Yueyang ta ƙasar Sin, a 2010 kuma ya shiga wasannin nahiyar Asiya a Guangzhou.

To, a can Vankuva ne labarin matan nan ya faru. Idan aka yi wa mace tiyatar kansar nono, sau da yawa likita kan cire ƴan ƙulluttun nan na hammata, waɗanda muke ji sun kumbura in mutum ya yi kaluluwa. Su ne ke tace wani ruwa da ke zagayawa cikin jiki. In aka cire su, ruwan kan iya taruwa, hannu ya kumbura ya yi nauyi, wani lokaci har tsawon rai. Saboda tsoron wannan kumburi, shekara da shekaru likitoci suna gaya wa mata kada su ɗauki kaya mai nauyi, kada su yi aikin da ke wahalar da hannu. Mace ta tsira daga cuta, amma an hana ta aikin da ta saba.

Wani likitan wasanni a Jami'ar British Columbia, Dokta Don McKenzie, ya duba ya ga babu wani ƙwaƙƙwaran bincike da ya tabbatar da wannan hani. Sai ya ce a gwada a gani. Ya zaɓi tuƙin kwale-kwale da gangan, domin aiki ne na kafaɗa da hannu, ana maimaita shi ba ƙaƙƙautawa, wato ainihin abin da ake hana matan. A farkon 1996 mata 24 da suka yi jinyar kansar nono suka amsa kira. Ba a jefa su ruwa kai tsaye ba. Sun yi watanni suna motsa jiki sannu a hankali, ana auna hannuwansu, kafin su shiga jirgi. A watan Yuni na wannan shekara suka shiga gasar birnin da sunan Abreast in a Boat. Suka kai ƙarshen tsere, kuma tuƙin bai jawo musu kumburin da ake tsoro ba.

Da gwaji ya ƙare, matan suka ce su kam ba za su ajiye filafili ba. Sun samu abokan hira da suka san abin da suka sha, sun ga ƙarfinsu ya dawo. A 1998 McKenzie ya wallafa bayanin aikin a mujallar ƙungiyar likitocin Kanada. Mutum 24 dai ba su isa a yanke hukunci a kimiyya ba, amma sun sa wasu masana sun tashi tsaye. A 2009 wata mai bincike a Amurka, Kathryn Schmitz, ta fitar da sakamakon gwaji kan mata 141 masu kumburin hannu, aka ga ɗaga ƙarfe da ake ƙara nauyinsa kaɗan-kaɗan bai ƙara kumburin ba, har ma ya rage yawan tashinsa. A yau shawarar likitoci ta koma ga motsa jiki a hankali bisa kulawar masani.

Ƙungiyar Vankuva kuwa ta haifi ɗaruruwan irinta a ƙasashe da dama. Sukan haɗu a babban taro, kamar wanda aka yi a Florence ta Italiya a 2018, da na New Zealand a 2023. Bayan tsere sukan jera jiragensu gefe da gefe, su riƙe juna, su jefa furanni cikin ruwa don tunawa da ƴan uwansu da cutar ta ɗauke.

Mu nan tseren jirgi ba baƙo ba ne a wurinmu. Ana yin sa a kogin Kwara a Yamai, ana yin sa a bikin kamun kifi na Argungu a maƙwabciyarmu Najeriya. Amma abin da ya fi shafar mu a wannan tarihi shi ne hannun mace. Da shi iyayenmu da ƙannenmu ke daka, da shi suke jan guga, da shi suke ɗaukar goyo. Tsoron rasa nono ko rasa ƙarfin hannu na daga cikin abin da ke sa wasu su ɓoye ƙullutu har sai ya yi tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da kansar nono a duniya, kimanin 670,000 kuma suka rasu, kuma mutuwar ta fi yawa a inda ake zuwa asibiti a makare.

Don Allah ƴar uwa, in kin ji ƙullutu a nono ko a hammata, ko kika ga fata ta canza, ko wani ruwa na fita ba lokacin shayarwa ba, je ki asibiti mafi kusa. Akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa a Yamai, kuma duk watan Oktoba ana gangamin awo. Wadda aka riga aka yi wa aiki kuma, kada ta koma turmi da rijiya a rana ɗaya, ta tambayi likitanta yadda za ta fara motsa hannun a hankali, in ta ga kumburi ta koma da wuri. Maigida, kai ma da naka aikin, ka raka ta, ka biya kuɗin mota, ka rage mata aikin gida har ta murmure. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.