Daga Garu zuwa Duwatsun Tongo: Tarihin Ziyarar Yini Guda

Wanda ya tashi daga Garu da asuba a motar da ya yi shata, ya bi ta Bawku, ya haye Farin Bolta kafin Zebilla, ya haye Jan Bolta kafin Nangodi, ya ratsa Zuwarungu da Bolgatanga, zai iya isa gindin duwatsun Tongo da hantsi idan hanya ta yi kyau. Tafiyar ba ta wuce kilomita 130 da wani abu ba. Ayarin jakuna zai ci kusan mako guda a kanta, in ma ya yarda ya bi ta nan ɗin. Abin da ke kai baƙo wurin a yau abu biyu ne: matsafar Tonna'ab da ke cikin wani kogo a saman ƙauyen Tenzug, da gonakin da Talensawa suka sassaƙa hawa-hawa a jikin dutse. Ba a shiga ko ɗaya daga cikinsu sai da jagora, kuma wannan sharaɗi ya girmi yawon buɗe ido da shekaru masu yawa.

Hausa ta tanadi kalmomi da dama ga mai nuna hanya, kowacce da muhallinta. A ayarin fataken goro da ke zuwa Gwanja, madugu shi ne uban tafiya: shi ke tsayar da ranar tashi, shi ke ciniki da sarakunan hanya a kan fito da gaisuwa, shi ke raba gardama. Jagaba yana gaba, yana duba mashigi da wurin da za a yada zango. Idan an sauka a Salaga kuwa, sai a koma hannun maigida, wanda ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan magana ta taso. Jagora, a asalin kalmar, mai jan gora ne, wato mai riƙe wa makaho sanda. Duk waɗannan mutane aikinsu guda: su shigar da baƙo inda bai san harshe ba, bai san haramci ba, su fito da shi lafiya.

Fataken nan sun san ƙasar da ake magana a kanta. Babbar hanyarsu daga Kano da Sakkwato takan bi ta Borgu da Sansanin Mango ta sauka Yendi, sannan Salaga, tafiyar wata biyu zuwa uku. Wata hanyar kuma takan biyo ta ƙasar Gurma da ta Mosi, ta shigo Bawku, ta hau tudun Gambaga ta gangara kudu. Zangon Bawku daga nan ya samo tushe, kuma shi ya sa har gobe ana ciniki da Hausa a kasuwar Bawku da ta Garu, a tsakiyar ƙasar Kusasi. Amma ayari fili yake bi, inda akwai sarki da za a biya da rijiya da za a sha. Duwatsun Tongo suna gefe, mutanensu ba su da wani babban sarki guda da madugu zai kai wa gaisuwa a buɗe masa hanya. Fatake suka haɗa su da maƙwabtansu a suna ɗaya, Gurunsawa, sunan da a kasuwar Salaga ta ƙarni na 19 kusan ma'anarsa bawa ce.

A nan ne tarihin gonakin ya haɗu da na bauta. Mahaya dawakai daga Mamfurusi da Dagwamba sun daɗe suna kai hari cikin waɗannan ƙasashe, sannan a shekarun 1880 da 1890 Zabarmawa ƙarƙashin Babatu suka addabi yankin Gurunsi, labarin da wani Malam Abu ya rubuta da Hausa cikin ajami. Babatu ya ƙare rayuwarsa a Yendi, kabarinsa yana can. Doki ba ya da amfani a tsakanin manyan duwatsu, saboda haka dutse ya zama mafaka, mutane suka yi yawa a kan ƙasa kaɗan. Mai son ya ci daga gangare dole ya hana ruwan sama wanke masa ƙasa. Sai suka riƙa tsince duwatsun gona suna jera su layi-layi a gicciye, kowane layi yana tare ƙasa da ruwa a bayansa, har gangaren ya koma kamar matakala. Ana zuba takin gida da na dabbobi, ana noma wuri guda shekara da shekaru ba hutu. Aikin ba na mutum ɗaya ba ne, ba kuma na zamani ɗaya ba. Duk damina sai an gyara inda ya zube.

Baƙon da ya ga hotunan gonakin shinkafa masu hawa-hawa na tsibirin Bali ko na ƙasar Filifin yakan zo da zaton zai ga ruwa kwance a kowane mataki. A Tongo gero ne da maiwa da dawa, da gyaɗa da gujiya, da tumuku, wanda Turawa ke kira dankalin Hausawa, mutanen Ghana kuma su ce na Farafara ne. Shinkafa tana ƙasa, a fadama. Tsohuwar shinkafar Afirka, wadda aka fara nomawa a fadamun kogin Kwara na ƙasar Mali ta yau tun kimanin shekaru 3,000 da suka wuce, ta daɗe a kwarurrukan arewacin Ghana, amma noman shinkafa mai yawa na kasuwa ya bunƙasa ne bayan 1972, lokacin da gwamnatin Acheampong ta ƙaddamar da shirinta na ciyar da kai. A zamanin ne aka buɗe manyan gonaki a kwarin Fumbisi, aka kuma soma gina madatsar ruwa ta Tono kusa da Nabrongo a 1975. Ta Vea tana dab da Bolgatanga, kuma ita ce mafi sauƙin haɗawa da Tongo a yini guda. Mutumin Garu ma ba sai ya yi nisa ba, tunda madatsar Tamne tana kusa da gida. Ɗalibin Hausa zai ji daɗin lura da cewa Dagwamba sun ari kalmar shinkafa kusan yadda take, kuma abincin nan da duk Ghana ke kira waakye ba komai ba ne illa rabin sunan shinkafa da wake.

Ita kuwa matsafar, mai karatun da ya san labarin Dala ba zai ji ta baƙuwa ba. Tarihin Kano ya kawo Barbushe, mai kula da Tsumburbura a kan dutse, sannan ya kawo Bagauda, baƙon da ya zo da sarauta. Talensawa ma kashi biyu ne a kan irin wannan tsari. Akwai Talis, 'yan ƙasa na asali, waɗanda a cikinsu ake samun tendaana, mai kula da tsafin ƙasa. Akwai kuma Namoos, waɗanda ke cewa kakansu Mosuor daga Mamfurusi ya zo, kuma sarautar Tongo a hannunsu take. Bambancin shi ne a Kano sarauta ta rinjayi dutse, daga baya Musulunci ya rufe babin, a Tongo kuwa ɓangarorin biyu suka zauna kowa da hurumin da ɗayan ba ya shiga. Tonna'ab na mutanen dutse ne. Ana zuwa wurinsa neman haihuwa, da lafiya, da tsari daga maita, a yi alkawari, idan buƙata ta biya a dawo da kaza ko akuya ko abin da ya fi haka.

Turawan Ingila sun kafa mulkinsu a kan arewacin ƙasar a farkon ƙarni na 20, amma duwatsun Tongo suka gagare su kusan shekara goma. Duk wanda ya ƙi aikin tilas ko ya yi wa sabon sarkin da Bature ya naɗa tawaye, can yake gudu. A 1911, zamanin Armitage yana babban kwamishinan Arewa, aka tura sojoji suka hau dutsen da yaƙi, suka kori mazaunansa zuwa fili, suka lalata matsafar, aka kafa dokar hana komawa. Akwai abin lura ga Bahaushe a nan: rundunar da ta yi wannan aiki ta samo asali ne daga dakarun da ake kira Hausawa tun ƙarni na 19, kuma Hausa ce harshen bariki, ko da yake yawancin sojojin a lokacin 'yan arewacin ƙasar ne da na ƙasar Mosi. Mai yiwuwa ne ƙwarai umarnin tashi daga gida da mutanen Tenzug suka ji a ranar da Hausa aka ba da shi. A 1915 aka gano mutane na komawa a ɓoye suna yanka, aka sake kai hari. Ba a bar su sun koma gidajen kakanninsu a sarari ba sai wajen 1935.

Abin mamakin shi ne a cikin waɗannan shekaru na hani ne sunan Tonna'ab ya fi tafiya nesa. 'Yan arewa da ke zuwa ƙwadago gonakin koko da ma'adinan zinariya sun kai labarinsa kudu. Kuɗin koko ya kawo arziki a Asante, ya kawo kuma hassada da tsoron mayu a cikin dangi, sai mutane suka juya ga tsafe-tsafen arewa, irin su Tigare da Kunde da wannan na Tongo, wanda suka raɗa wa suna Nana Tongo. Hanyar mota ta riga ta haɗa Kumasi da Tamale ta mashigin Yeji, ta wuce arewa. Daga ƙarshen shekarun 1920 manyan motoci suka riƙa sauke maziyarta daga Asante da Akyem da Kwawu a gindin dutsen. Waɗannan mutane ba su jin Talni, ba su san wanda za a fara gaisarwa ba, ba su san abin da ake yankawa ba. Dole a sami mai saukar da su, mai yi musu tafinta, mai hawa da su. Wani mutumin Tenzug mai suna Tengol, wanda ya riƙe muƙamin Golibdaana, shi ya fi kowa gane abin da wannan zirga-zirga ke nufi, ya riƙe ƙofar, ya yi dukiya da iko har ya zama abin gardama tsakaninsa da sauran dattawan dutse. In an duba da kyau, matsayin maigidan Salaga ya ɗauka, sai dai hajarsa ba goro ba ce. Rattray ya ziyarci wurin a 1928, Meyer Fortes ya zauna cikin Talensawa daga 1934 zuwa 1937, kuma Jean Allman da John Parker sun ba da tarihin wannan safara a littafinsu na 2005. Tun shekarar 2000 Tenzug ke cikin jerin wuraren da Ghana ta gabatar wa UNESCO don a duba.

Mai shirya ziyara a yau yana gadon wannan tsari ne, ko ya sani ko bai sani ba. Direban da aka ɗauko daga Garu ko Bawku zai kai mutum gindin dutse, Hausarsa za ta yi aiki a tasha da shingen 'yan sanda, amma a Tenzug sai an ɗauki jagora ɗan garin, a biya kuɗin shiga, a gaida gidan Golibdaana, gida guda mai girman unguwa, da soraye na laka da lunguna da mutum ba zai fita shi kaɗai ba. Daga nan ake zagaya kogwannin da aka ɓuya a lokacin yaƙi, a ratsa gonaki, a hau zuwa kogon matsafar. A bakin hawan ne dokar take: a tuɓe takalmi da hula da riga, a naɗe wando zuwa gwiwa, kuma dokar ba ta ware mata ba. Wannan magana ce da ya kamata a gama ta tun a gida. Musulmi da yawa sukan ga gonakin da gidan da kogwannin su tsaya nan, kuma ba wanda ke tilasta musu hawa. Abin da ba ya kyautuwa shi ne mutum ya kai bakin kogo sannan ya tsaya jayayya da masu wuri a kan al'adar da sojojin 1911 ma ba su iya kankarewa ba.

Lokaci ma yana sauya abin da za a gani. Daga Agusta zuwa Oktoba gangaren kore ne shar, shinkafar fadama ta yi kyau, amma hanyoyin ƙasa sun jiƙe, kuma idan aka saki ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso, Farin Bolta yakan cika ya malala. Da hunturu jeren duwatsun gonakin sun fi fitowa fili tunda an girbe, kuma a lokacin ne iska ke bi ta tsagar duwatsu tana fito, abin da wurin ya yi suna da shi. Bikin Golob, na roƙon damina mai albarka kafin shuka, yakan faɗo wajen Maris, kuma a kwanakinsa dokar tufafi takan sauko daga kogo ta game gari.

Sai batun hanya, wanda madugu ba ya tashi sai ya bincika. Rikicin sarautar Bawku tsakanin Kusasi da Mamfurusi ya samo asali tun ƙarshen shekarun 1950, ya sake tashi daga ƙarshen 2021, da dokar hana fita da hare-hare a kan matafiya. Mai fita daga Garu yana buƙatar direban da ya san halin da ake ciki a wannan makon, ya kuma lissafa dawowarsa ta zama da sauran rana. Idan yamma ba ta biyuwa, akwai Pusiga a gabashin Bawku, inda matsafar Naa Gbewaa take, a wurin da ake cewa ƙasa ta haɗiye shi bayan ya ji labarin kisan ɗansa. Daga zuriyarsa sarakunan Mamfurusi da Dagwamba da Nanumba suka fito, kuma makaɗan Yendi suna kai asalinsa ga Tohazie, Jan Maharbi, wanda ruwayoyi da dama ke cewa ta ƙasar Zamfara ya biyo.