Tarihin Zaɓen Injin Java a Kwamfutocin Linux

Manhajar da aka rubuta da harshen Java ba ta hulɗa da kwamfuta kai tsaye. Akwai wata manhaja a tsakani da ake kira injin Java, wadda ke karɓar umarnin ta mayar da shi abin da na'ura ke ganewa. Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da Java a 1995, da alkawarin cewa manhaja guda za ta yi aiki a kan kowace irin kwamfuta ba tare da an sake rubuta ta ba. Sharaɗin shi ne a sami injin a kan kwamfutar, kuma ya kasance wanda ya dace. Cika wannan sharaɗi ya ci wa masu amfani da Linux tuwo a ƙwarya fiye da shekara goma.

Rigimar farko ma ba a Linux aka yi ta ba. Microsoft ya karɓi lasisi daga Sun, ya ƙera nasa injin, sannan ya cusa masa abubuwan da Windows kaɗai ke ganewa. Sun ya maka shi a kotu a 1997, aka sasanta a watan Janairun 2001, Microsoft ya biya dala miliyan 20. Tun daga lokacin Sun ya ƙara riƙe sunan Java da kyau: injin da bai ci jarrabawar daidaito ta kamfanin ba, ba shi da izinin amsa sunan.

A Linux matsalar ta lasisi ce. Injin Sun kyauta ake sauke shi, amma ba a yarda kowa ya gyara shi ko ya raba shi yadda ya ga dama ba, wanda ya saɓa wa ƙa'idar masu haɗa nau'o'in Linux irin su Debian da Fedora. Wasu 'yan sa-kai da ake kira Blackdown sun ɗauki nauyin daidaita injin Sun da Linux, sai dai aikinsu ma yana ƙarƙashin sharuɗɗan kamfanin. Wasu kuma suka zaɓi hanya mai wuya, wato sake gina komai daga tushe ba tare da leƙa rubutun Sun ba. Daga nan aka sami Kaffe, da GNU Classpath, da GCJ. Waɗannan suna da 'yanci, amma kullum suna bayan Sun da taki da yawa, musamman wajen zana tagogi da maɓallai a fuskar kwamfuta. Mai kwamfuta na wancan zamani zaɓi biyu ke gabansa: injin da ya zo tare da Linux ɗinsa wanda wasu manhajoji ke ƙin tashi a kai, ko na Sun wanda sai ya je ya sauko da shi ya ɗora da hannu. A 2004 mai fafutukar 'yancin manhaja Richard Stallman ya kira wannan hali tarkon Java, domin mutum na iya rubuta manhaja mai 'yanci amma ta kasa aiki sai a kan injin da ba shi da 'yanci.

Kasancewar injuna da dama kan zauna a kwamfuta ɗaya ne ya sa aka dogara da tsarin da Debian ya ƙirƙira, mai suna update-alternatives. Kowane inji na da ɗakinsa a cikin /usr/lib/jvm, kalmar java kuwa manuniya ce kawai da ake juya ta ta fuskanci wanda ake so. Wasu manhajoji ba sa kallon wannan manuniya sam, wani saiti mai suna JAVA_HOME suke dubawa, don haka mutum kan sauya inji ya ga babu abin da ya canza.

A watan Mayun 2006 Sun ya sassauta, ya fito da lasisin da ya ba masu haɗa Linux damar raba injinsa, Ubuntu ya sa shi a rumbunsa. A watan Nuwamba na shekarar kamfanin ya sanar da sakin Java ƙarƙashin lasisin 'yanci na GPL, aka raɗa wa aikin suna OpenJDK. Wani ɗan ɓangare na rubutun mallakar wasu kamfanoni ne, Sun ba shi da ikon sakinsa, sai kamfanin Red Hat ya kafa aikin IcedTea a 2007 don cike giɓin. A 2008 Fedora 9 da Ubuntu 8.04 suka fito da OpenJDK 6. Duk da haka jama'a da yawa sun ci gaba da neman na Sun, kuma suna da hujja: ƙananan manhajojin Java da ke aiki a cikin shafukan intanet, irin waɗanda ake shiga banki da su a Denmak da Norwe, da injin Sun aka gwada su.

Kamfanin Oracle ya kammala sayen Sun a Janairun 2010. A 2011 ya janye lasisin rabawar, Ubuntu ya cire injin daga rumbunsa. A shekarar ce kuma Java 7 ya fito, aka ayyana OpenJDK a matsayin ma'aunin da ake auna sauran injuna da shi. Bambancin da ke tsakanin injunan biyu ya yi ta raguwa, har zuwa Java 11 inda kusan lasisi da tallafi kaɗai suka rage. Hujjar shafukan intanet ma ta faɗi da kanta, domin Chrome ya daina karɓar Java a 2015, Firefox ya bi sahu a 2017.

Sai tambayar ta koma kan lambar siga. Java 8 na 2014 ya zauna daram, aka gina manhajoji masu ɗimbin yawa a kansa. Java 9 na 2017 ya sake fasalin cikin injin, tsofaffin manhajoji da dama suka tsaya cak. Daga nan aka koma fitar da sabuwar siga duk wata shida, ana ware wasu don dogon tallafi: 11 a 2018, 17 a 2021, 21 a 2023. Ƙa'idar ita ce sabon inji kan karanta tsohuwar manhaja, tsohon inji kuwa ba ya karanta sabuwa. Manhajar da aka haɗa don Java 17 na ɗauke da lamba 61, injin Java 8 kuma a 52 ya tsaya, sai ya ƙi buɗe ta.

A 2019 Oracle ya fara neman kuɗi daga kamfanonin da ke son sabunta Java 8 ɗinsa. Wannan ya buɗe kasuwa ga masu haɗa OpenJDK da sunansu: Corretto na Amazon, Zulu na Azul, Temurin na gidauniyar Eclipse, har da Microsoft, wanda ya fito da nasa a 2021, shekara 20 bayan biyan waccan diyya. Kusan duk daga tushe ɗaya suke, abin da ya raba su shi ne tsawon lokacin da kowa ya yi alkawarin toshe kafofin ɓarna.

A yau manhajojin tebur na Java da dama da injinsu suke zuwa a ciki. Wasan Minecraft, wanda ya koma buƙatar Java 17 a 2021, yana sauko da wanda yake so da kansa, haka ma manhajojin kamfanin JetBrains. Zaɓin ya bar hannun mai kwamfuta ya koma hannun mai manhaja, tare da nauyin sabunta kowane inji daban. Masu rubuta manhaja ne suka rage suna ajiye injuna uku ko huɗu a kwamfuta ɗaya, suna juyawa tsakaninsu da update-alternatives ko SDKMAN gwargwadon aikin da ke gabansu.