Jirgin da ke wuce mu a Musawa, na harhaɗa shi a kan tabarma

1/ Makonni shida na yi ina harhaɗa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a ɗakina, a nan Musawa. Na roba ne, tsawonsa taƙi ɗaya da 'yar ɗoriya. Abokaina sun ce tsufa ya zo mini da wasan yara. To ga abin da wasan ya koya mini a kan jirgin da ke wuce mu a sama. Zaren da tsawo fa, ku gyara zama. 🧵

2/ Dalilin farko ba sha'awa ba ce. Ɗan ƙanwata ne, shekararsa 9. Da ya ji ƙarar helikwafta sai ya saki abin da ke hannunsa ya shige ƙarƙashin gado. Abin ya samo asali ne tun daren da suka kwana cikin gonar dawa, shi da uwarsa, suna gudun 'yan bindiga. A wurinsa ƙarar jirgi na nufin an shiga wani gari.

3/ Kuma ba za ka ce ya yi kuskure ba. Ƙanƙara maƙwabciyarmu ce. Daren 11 ga Disamba, 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta can, aka sako 344 bayan kwana shida. Yaran wannan yanki sun taso sun san jirgi ba ya yawo haka kawai. Ni a shekarunsa in na ga jirgi, binsa nake da gudu ina ɗaga hannu.

4/ Wani abokina da ke karatu a waje ya kawo mini kwalin tsaraba. Mi-35M, ƙirar Rasha, irin wanda sojojin samanmu ke da shi. Na buɗe na ga gutsattsarin roba sama da 200 a jikin firam, da takardar zane, da sitika. Na kira yaron na ce zo ka ga abin da kake tsoro. Ya leƙa ya ce, "Kawu, wannan ai fasasshe ne."

5/ A jikin kwalin an rubuta 1/72. Ma'ana an rage komai sau 72. Inci 1 a jikin na roba daidai yake da ƙafa 6 a jikin na gaske, wato tsayin dogon mutum. Babbar farfelar jirgin faɗinta kimanin mita 17 ne. Raba da 72, sai ka samu kusan santimita 24. Na sa yaron ya auna da rularsa ta makaranta. Ya fito daidai.

6/ Wannan ma'auni daga Ingila ya fito. A 1932 aka fara sayar da ƙananan jirage na katako masu suna Skybirds a kan 1/72. A 1936 kamfanin Frog ya fitar da nasa na roba, waɗanda ya kira Penguin, saboda kamar wancan tsuntsun, suna da fiffike amma ba sa tashi.

7/ Yaƙin Duniya na Biyu ne ya nuna abin ya wuce wasa. A 1942 gwamnatin Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa ƙananan jirage 500,000 a kan wannan ma'auni, a shafa musu baƙin fenti. Da su ake koya wa soja ya bambance jirgin gida da na abokan gaba tun daga nesa, kafin ya harbo nasu. Hannun yara ne ya yi wannan aiki.

8/ Ga wanda zai burge manoman Funtuwa da Malumfashi. Kamfanin Airfix, wanda ya fi kowa suna a wannan harka a Ingila, ba da jirgi ya fara ba. Da tantan ya fara. A 1949 aka ba shi aikin yin ƙaramin samfurin tantan ɗin Ferguson TE20 don masu talla. Kakan jar Massey Ferguson ɗin nan da ke mana huɗa ke nan.

9/ Da farko a haɗe suke sayar da ita. Sai suka ga in an bar wa mai saye ya haɗa da kansa, kuɗin ya fi sauƙi. Daga nan jirgin ruwa ya biyo, sannan jiragen sama. Wato wahalar da na sha makonni shida, asalinta dabarar rage tsada ce. Bature bai san asarar kwabo ba.

10/ Mu dawo tabarma. Kayan aikina: abin yanke farce, reza, sanfefa mai laushi, tsinken sakace, da matsefatar kakata ta cire ƙaya. Daga ciki ake farawa, kujeru da allon matuƙi, don in ka rufe gangar jikin shi ke nan. Kujeru biyu ne, ɗaya gaba ɗaya baya. Matuƙi na baya, a sama kaɗan. Na gaba shi ke kula da makamai.

11/ Bayansu akwai ɗaki mai ɗaukar soja 8. Yaron ya ce, "Kawu, jirgin yaƙi ne ko motar haya?" Wallahi tambayar da ta haifi jirgin ke nan. Mikhail Mil, injiniyan Tarayyar Sobiyet, ya so abu guda da zai yi duka biyun: ya kai soja bakin daga, ya kuma yi harbi da kansa. Amurkawa a Biyetnam raba aikin suka yi tsakanin jirage biyu.

12/ Jirgin ya fara tashi a Satumbar 1969. Mil ya rasu a Janairun 1970, bai ga shigarsa aikin soja ba a 1972. Sunansa na gida Mi-24. In za a sayar wa ƙasashen waje sai a kira shi Mi-25 ko Mi-35. NATO ta sa masa Hind. Matuƙan Rasha kuwa kada suke ce masa. Dubi hancin daga gefe, za ka yarda da su.

13/ A mako na uku na kusa jefar da shi. Na haɗa gangar jiki, na dube shi ta gaba, na ga abu a karkace. Na ɗauka ni na ɓata. Ashe haka na gasken yake. An karkatar da babbar farfela digiri 2.5 zuwa dama, don ƙaramar ta wutsiya tana tura jirgin gefe in yana tsaye a iska. Karkatar ce ke gyara wannan turin. Saura kaɗan in miƙe abin da injiniyoyi suka karkatar da gangan.

14/ A Afganistan ya yi suna, daga 1979 zuwa 1989. Mujahidai sun yi masa laƙabi da keken Shaiɗan. Ƙauyuka da yawa sun ƙone a ƙarƙashinsa, kada mu ɓoye wannan. Daga 1986 Amurka ta fara ba su makamin Stinger da ake harbawa daga kafaɗa, dole matuƙan suka sauya yadda suke tashi. Duk da haka yaƙin bai ƙare yadda masu jirgin suka so ba.

15/ Labarin da na fi so ya faru ne kusa da mu. A Maris 1987 sojojin Chadi, a cikin motocin Toyota buɗaɗɗu, suka ƙwace sansanin Libiya na Wadi Dum a arewacin ƙasar. Sojojin Gaddafi suka gudu suka bar kaya jibge, har da Mi-25 mai sauran lafiya. Ita kuwa Amurka ta daɗe tana son ta samu guda ta buɗe cikinsa.

16/ A Yunin 1988, da yardar gwamnatin Hissène Habré, helikwaftocin Chinook biyu na Amurka suka tashi daga Njamena cikin dare. Ɗaya ya rataye jirgin da igiyoyi a ƙarƙashinsa, ya keto Sahara da shi ɗaruruwan kilomita, har guguwar rairayi ta tarar da su a hanya. Ku lura: motar a-kori-kura ce ta ci sansanin da ke da wannan jirgi. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

17/ Mu fa? An kafa rundunar sojan samanmu a 1964, Jamus ta Yamma ta horar da ita. Helikwaftocin da ta yi amfani da su a shekarun 1970 da 1980 sun haɗa da Bo 105 na Jamus da Puma na Faransa. Kadan Rasha ya shigo ne a 2000, zamanin Obasanjo, aka sayo Mi-35P guda 6. Mi-35M irin na kwalina, biyun farko sun shiga aiki a 2017.

18/ In kun hange shi, ga yadda ake gane sabon. Tayoyinsa ba sa shigewa ciki in ya tashi. Fikafikan gefe, inda ake rataye rokoki, gajeru ne. Farfelar wutsiya kamar harafin X take. Bindigarsa mai baki biyu tana ƙarƙashin hanci, tana juyawa. Ta Mi-35P kuwa a kafe take a gefen dama, sai matuƙi ya juya jirgin gaba ɗaya kafin ya saita.

19/ Babbar ɓarnar da na yi a gilashi ce. Na manna shi da gam ɗin nan mai kamawa nan take, na kwanta. Da safe gilashin ya yi fari fat kamar mai yanar ido. Tururin gam ɗin ne ke yin haka. Kwana biyu ina gogewa da man goge haƙori. Wanda zai gwada, farin gam na kafintoci ake sa wa gilashi. Kuma kada ka yi fenti da rana cikin hunturu, ƙura za ta zauna a kai.

20/ Sitikar kwalin babu ta Najeriya. Da bakin tsinken sakace na zana da'irar kore, fari, kore. Ina cikin yi na tuna 2 ga Janairu, 2019. Mi-35M ɗinmu ya faɗi a Damasak, jihar Borno, yana taimaka wa sojojin ƙasa da ake kai wa hari. Mutum 5 ke ciki, babu wanda ya fita. Na nuna wa yaron kujerun na ce mutane ne ke zama nan, su ma suna da 'ya'ya. Allah Ya jiƙansu.

21/ Abin da ya tsaya mini a rai: Jamus, Faransa, Rasha, Italiya mai A109, yanzu ga T129 na Turkiyya da suka fara isowa a ƙarshen 2023. Shekara 60 muna saye. Kowane da nasa kayan gyara, nasa makaniki, nasa harshe. Tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, samun kayan gyaran jiragen Rasha ya ƙara wuya a duniya. Jirgin da ke jiran noti daga Mosko ba zai zo Musawa ba.

22/ Ba wai ba mu taɓa gwadawa ba. Jirgin koyon tuƙi na sojan samanmu, Air Beetle, shi ma a wargaje ya zo. Ƙirar wani ƙaramin jirgin Amurka ce, RV-6A, aka yi mata gyare-gyare, aka harhaɗa guda 60 a Kaduna. Na farko ya tashi a 1989. Kusan abin da nake yi a tabarma ne, sai dai nasu yana ɗaukar mutum. A 2018 kuma aka ƙaddamar da Tsaigumi maras matuƙi, shi ma a Kaduna.

23/ Sai Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero. A 2007, yana da shekara 24, duniya ta ji ya ƙera helikwafta a Kano da injin Honda Civic, kujerun Toyota da tsofaffin ƙarafa. Kuɗin daga gyaran waya da kwamfuta ya tara su. Bai tashi sama da ƙafa 7 ba. Mutane suka yi dariya. Ni dai na ce ƙafa 7 ta fi wadda masu dariyar suka taɓa yi.

24/ Mu da muka taso a ƙauye mun san daga inda irinsu Mubarak ke fitowa. Bayan girbi, kara ko'ina. Ka feƙe ɓawon, ka yanka totuwa, ka soka, ga mota, ga tabarau, ga jirgi. Masu gwangwani su yi motar langalanga da tayar silifas. Babu takardar zane, babu rula. Kuma abin da aka fi saka mana da shi shi ne, "Tashi ka bar wasan banza, ka tafi kiwo."

25/ Abin da kwalin Bature ya fi mu da shi ba hannu ba ne, hannun muna da shi. Awo ne. Mai motar kara da ido yake yi. Mai kwali yana gaya maka kowane abu sau nawa aka rage shi, kuma me ya sa yake a wurin. Tsakanin ido da awo, nan injiniya ke fitowa. Darasin da kara da rula sun isa a koyar da shi a kowace firamare.

26/ Kar a fahimce ni baibai. Ban ce jirgi ne zai kawo mana zaman lafiya ba. Wadi Dum da Afganistan sun isa shaida. Jirgi na zuwa ya yi minti 20 ya koma. Masu babura suna nan cikin daji bayan tafiyarsa. Kuma daga sama ba kullum ake bambance mai bindiga da mai fartanya ba, Arewa ta ga wannan da idonta. Manomi yana murna da ƙarar, yana kuma tsoronta.

27/ Yaron fa? Bai warke sarai ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma makon jiya da wani ya wuce ta yamma, bai shiga ƙarƙashin gado ba. A bakin ƙofa ya tsaya, hannunsa ɗaya riƙe da zanen uwarsa, ya ɗaga kai. Da ya wuce sai ya ce, "Kawu, ba namu ba ne. Wannan ba shi da fiffike a gefe."

28/ Yanzu yana yin nasa da kara. Ya auna farfelar nawa, ya ninka biyu, ya ce nasa 1/36 ne. Ni ban koya masa wannan ba. Fikafikan farfelar biyar ya yi, kamar yadda suke, kuma ya karkatar da ita dama kaɗan. Na roban yana kan talabijin, uwargida na korafin yana tara ƙura.

29/ Nan zan tsaya. Wanda ya yi motar kara ko ta langalanga yana yaro, ya faɗa mana garinsu da abin da ya ƙera. In ɗanka na yi yanzu, ajiye mana hoto a ƙasa, kuma ka saya masa rula. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu girbe ta cikin kwanciyar hankali.