Baje kolin injinan katako na LIGNA: abin da baƙon farko ya kamata ya sani

LIGNA na cikin manyan kasuwannin baje kolin injinan sarrafa katako na duniya. Tana ci a birnin Hanoba na ƙasar Jamus tun 1975, sau ɗaya a shekara biyu, galibi a watan Mayu na shekarun da lambarsu ba ta rabuwa biyu. A 2023 kamfanoni kusan 1.300 suka baje kayansu, baƙi kimanin 80.000 suka halarta. Kafinta ko ɗan kasuwan da ya taso daga Maraɗi, Damagaram ko Yamai zai kashe kuɗi masu yawa kafin ya isa, don haka shiri ne zai hana tafiyar zama yawon buɗe ido.

Takardu da masauki

Jamus na cikin yankin Shengen. Kuɗin biza Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, wato kimanin jika 59 na Sefa, kuma ana neman inshorar lafiya da ta kai Yuro 30.000. Ana iya ajiye takardu tun watanni shida kafin tafiya. A kama masauki da wuri, saboda otel-otel na Hanoba suna cika, kuɗinsu kuma yana hawa a makon kasuwar. Baƙi da dama suna kwana a garuruwan kusa kamar Hildesheim ko Celle, su shigo da jirgin ƙasa da safe.

Cikin filin

Kwana biyar ake yi, amma filin ya fi ƙarfin a zagaye shi duka. Tun daga gida a rubuta injin da ake buƙata, ko na tsaga katako ne, ko na gogewa, ko mai haɗa ayyuka da dama, sannan a duba jerin kamfanoni a intanet a fitar da guda goma. Ranar farko ta kallo ce da kwatanta farashi, ta biyu ta komawa ciniki. Manyan kamfanoni irin su Homag da Weinig na Jamus, SCM da Biesse na Italiya, da Felder na Austiriya suna tayar da injinansu a gaban jama'a. A sa takalmi mara takura, a riƙe katin adireshi. Jamusanci da Ingilishi aka fi ji, amma mai Faransanci zai iya tambayar wakilin kamfani mai kula da kasuwar Afirka.

Tambayoyi kafin ciniki

Na farko wuta. Nijar da Turai duk suna kan hertz 50, sai dai manyan injina suna aiki da wuta mai layi uku, ta volt 380 zuwa 400, wadda ba kowane shago ke da ita ba. Na biyu yanayi: injin da kwamfuta ke sarrafawa ba ya shiri da ƙurar hunturu, da zafin da ke wuce digiri 40, da ɗaukewar wuta. Na uku gyara: wa zai gyara shi, daga ina kayan gyara za su zo, cikin kwana nawa? Injin da ya tsaya wata uku yana jiran ƙaramin ƙarfe daga Turai, jari ne a kwance.

Farashin gaskiya

Kuɗin da aka faɗa a rumfa sau da yawa na bakin masana'anta ne, wanda ake rubutawa EXW. Idan an rubuta CIF, kuɗin jirgin ruwa da inshora har zuwa tasha suna ciki. Nijar ba ta da teku, saboda haka sai an ƙara kuɗin mota daga tasha irin ta Lome, da na duwan, da na girkawa. A nemi takardar farashi a rubuce, kada a biya kafin alƙalami a rana ta farko. Yuro ɗaya Sefa 655,957 ne, ba ya canjawa, lissafin ba shi da wuya: a yi shi har ƙofar shago kafin a sa hannu.