Zanen Aro: Majalisar Birtaniya da Ƙasashen da ke Ƙarƙashinta

Mutanenmu da dama kan ce "Ingila" alhali Birtaniya suke nufi. Amma Birtaniya ƙasashe huɗu ne a ƙarƙashin sarauta guda: Ingila da Wels da Sikotlan da Ayalan ta Arewa. Majalisar da ke Westminster, wadda ta zartar da dokar 'yancin kan Nijeriya a 1960, ita ce igiyar da ta ɗaure su.

Ba a rana ɗaya aka ƙulla wannan igiya ba. A zamanin Sarki Henry na Takwas aka haɗe Wels da Ingila. A 1707 majalisar Sikotlan ta amince da haɗewa, ta rushe kanta. A 1801 aka shigo da Ayalan, sai dai bayan gwagwarmaya da zubar da jini, gundumomi 26 suka ɓalle a 1922, shida na arewa suka tsaya.

Ƙorafin ƙananan ƙasashen shi ne Ingila ta rinjaye su, domin daga kujeru 650 na Majalisar Wakilai, 543 nata ne tun zaɓen 2024. Don kwantar da irin wannan ƙorafi, a 1998 aka yi dokokin da suka ba Sikotlan da Wels da Ayalan ta Arewa majalisunsu, masu kula da ilimi da lafiya da makamantansu. Tsaro da hulɗa da ƙasashen waje kuwa suka zauna a Landan.

A nan ne tsarinsu ya bambanta da namu. A Nijeriya tsarin mulki ne ya raba iko tsakanin tarayya da jihohi. A Birtaniya kuwa majalisa ce ta ba da aron iko, kuma mai aro yana iya karɓe kayansa. Ta taɓa yin haka a 1972 da ta dakatar da majalisar Ayalan ta Arewa. Haka kuma Sikotlan ta ƙi ɓallewa a 2014 da kashi 55 cikin ɗari, amma da ta nemi sake ƙuri'ar, Kotun Ƙoli ta yanke a 2022 cewa sai da yardar Westminster.

Tsibiran Jersey da Guernsey da Man kuwa ba sa cikin Birtaniya, na sarauta ne. Ba su da wakili ko ɗaya a Westminster, majalisunsu ke yi musu dokoki, Landan na riƙe da tsaronsu. Yankunan ƙetare 14 ma ba su da wakilci, duk da haka a 2009 Landan ta karɓe mulkin tsibiran Turks da Caicos saboda zargin cin hanci.

Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Muddin ikon Edinburgh da Cardiff da Belfast aro ne, tambayar wa ke da ta cewa ba za ta kwanta ba.