Kashin Kaji a Tsakar Gida: Nazarin Hatsarinsa ga Yara Masu Rarrafe a Gidajen Masu Kiwo a Kewayen Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun kashin kaji daga faɗuwarsa ƙasa har zamansa taki. Matsayinta shi ne mafi girman hatsarinsa yana kan yaro mai rarrafe a tsakar gida, kuma killace kaji kaɗai ba ya kawar da shi.

Gabatarwa da Waiwaye

Tun da aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji, Jihar Kaduna, a watan Fabrairu na 2006, ta kuma ɓulla a Magariya ta Jamhuriyar Nijar cikin wannan watan, faɗakarwar malaman gona da likitocin dabbobi ta fi karkata ga annoba. Ba a musun hatsarinta, sai dai takan zo ta wuce, alhali ƙwayoyin cuta na Salmonella da Campylobacter suna cikin hanjin kaji masu lafiya rani da damina.

Waɗanda nake da ja da su su ne masu cewa da zarar an rufe kaji a akurki magana ta ƙare. Oberhelman da abokan aikinsa sun gwada wannan a wata unguwar talakawa da ke Lima ta ƙasar Peru, kuma rahotonsu na 2006 bai nuna killacewa ta rage gudawar Campylobacter ga yara ba. A Habasha, Headey da Hirvonen (2016) sun ga mallakar kaji na tafiya da kyakkyawan girman yaro, amma inda kaji ke kwana ɗaki ɗaya da mutane, lamarin ya juye. Ngure da abokansa kuwa (2013) sun zauna suna kallon jarirai a karkarar Zimbabwe, suka ga wasu na kai ƙasa da kashin kaji baki. Abin ya dame ni cewa har yanzu shawarar da ake kai wa matan karkara ba ta ɗauki waɗannan sakamako da muhimmanci ba.

Hanyar Bincike

An yi amfani da lura ta ido da hira da mata masu kiwon kajin gida, da hunturu da kuma farkon damina. Ba a ɗebi samfur zuwa ɗakin gwaji ba.

Sakamako da Tattaunawa

Matan da aka zanta da su sun raba kashin kaji gida biyu: ɗanye, wanda suke ƙyama, da busasshe, wanda suke cewa "ya mutu". Wannan rabo yana da ƙanshin gaskiya, domin Campylobacter ba ta jure bushewa. Salmonella kuwa takan yi watanni a raye cikin busasshen kashi da ƙura. Saboda haka kowane kashi da irin hatsarinsa, kuma tsarin aikin safe yana haɗa yaro da duka biyun.

Ga yadda abin ke gudana. Da gari ya waye ake buɗe akurki, kaji su fito su sauke abin da ke cikinsu daidai inda ake watsa musu tsaba, galibi kusa da madafa. Uwa na fama da murhu da koko, sai ta sauke yaro daga goyo ta ajiye shi a tabarma, tabarmar da ba ya daɗewa a kanta. Shara kan biyo baya. Wannan tazara, tsakanin buɗe akurki da ɗaukar tsintsiya, ita ce nake ganin ta fi kowane lokaci hatsari: kashin sabo ne, hannun yaro na ƙasa, daga ƙasa kuma sai baki. Ƙwayoyin Campylobacter 'yan ɗaruruwa sun isa su kwantar da mutum. Idan gudawa ta zo, abin da aka fi ji shi ne "haƙori ne yake fitarwa", ba a ko waiwayar kaji. Binciken MAL-ED da aka yi a ƙasashe takwas ya danganta yawan kamuwa da wannan ƙwaya da tawayar girma, ko da yaro bai yi gudawa ba.

Sharar kanta a bushe ake yin ta, sau da yawa yarinya ce ke yi da ƙaninta a baya, ƙura na sauka kan buɗaɗɗiyar randa da kwanonin da aka kife. Inda aka killace kaji, kashin yakan taru wuri guda, yara kuma su ake aike ɗauko ƙwai. Wannan na iya zama bayanin abin da aka gani a Lima.

Gyaran bai buƙatar kuɗi. A yayyafa ruwa kafin shara, a ciyar da kaji nesa da madafa, a kwashe kashi da shebur kafin a sauke yaro, a wanke hannu da sabulu, akurki kuma ya bar jikin ɗakin kwana.

Batun taki an riga an yi rubutu a kansa da yawa. Tarin da zafinsa ya kai digiri 55 na Salshiyas, ana juya shi, yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Ƙa'idar noma marar sinadarai ta Amurka ta gindaya kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa. Latas ɗin fadama bai kai wannan tsawon kwana a lambu ba, kuma ɗanye ake cinsa.

Iyakokin Bincike

Dole a faɗa cewa lura ba ta tabbatar da sanadi, gidajen ba su wakilci ƙasar Hausa duka ba, kuma zuwan baƙo kan sa a ƙara tsafta. Wanda zai ce gurɓataccen ruwan sha ma na kawo gudawa bai yi kuskure ba. Rarrabe kason kowanne sai an yi gwajin bayan gidan yara da na kaji a gidaje guda.