Iyakar da Sabis Ɗin Waya Bai Sani Ba

Tsakanin 1906 da 1908 ne jami'an Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa alamomin iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi. A yau duk wanda ya taso daga Jibiya sai ya tsaya a shingen Magama, ya sake tsayawa a Ɗan Isa ta ɓangaren Nijar. Mutum da mota da buhun gero duk suna bin layi. Sabis ɗin waya kuwa ba ruwansa da shinge.

Dalilin yana cikin ginin fasahar kanta. Tsarin GSM, wanda ya soma aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, ya ba turken sadarwa guda damar riƙe waya har nisan kilomita 35. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Jibiya, inda dogayen gine-gine ba su tare hanya, turken da ke Nijar yana iya isa ƙauyukan Najeriya.

Sanin inda sabis zai kai da inda zai mutu fanni ne da malaman jami'a ke ƙarar da shekaru a kansa. Yoshihisa Okumura ya yi awo a birnin Tokiyo da kewayensa, ya wallafa sakamakon a 1968, sannan Masaharu Hata ya mayar da shi lissafi a 1980. Amma lissafin da aka gina a Japan bai san ƙurar hunturu ko katangar laka ba. Shi ya sa masu bincike a jami'o'in Zariya da Kano ke fita da na'urori suna sake awo, suna daidaita lissafin da ƙasarsu.

Daga wannan fage Farfesa Umar Garba Ɗanbatta ya fito. Ya yi digirin farko da na biyu a Wroclaw ta ƙasar Folan, ya yi na uku a Mancesta, ya kuma daɗe yana koyar da injiniyancin sadarwa a Jami'ar Bayero kafin a naɗa shi shugaban Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a 2015.

A watan Satumban 2021 ilimin aji ya ci karo da matsalar tsaro. Hukumar ta umarci kamfanoni su katse sabis a jihar Zamfara don toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu ba su bayanai. Bayan 'yan kwanaki matakin ya shafi ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Jibiya. Hada-hadar kuɗi ta waya ta tsaya, wanda aka kai wa hari kuma ya rasa hanyar neman agaji. Jaridu sun ruwaito cewa a bakin iyaka mutane sun koma amfani da layukan Nijar, 'yan bindiga ma haka. Umarnin Abuja ya kashe turakun Najeriya, amma ba shi da iko da na maƙwabta.

Abin da Jibiya ta nuna shi ne, binciken sadarwa ba na neman ƙarin girma a jami'a ba ne kawai. Kafin a katse wa gari waya, dole a san turken wa ke rufe da kowane ƙauye, wa zai rasa sabis, wa kuma zai sauya layi ya ci gaba da harkarsa. Amsar tana hannun masu awo, kuma ba za ta cika ba sai an yi awon tare da Nijar.